Tsare Tommy Robinson da korarsa daga Meziko: shin kalmar "tsaron ƙasa" ta wadatar a matsayin hujja?

Bazazzage ya rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai wani al'amari da muka daɗe muna ja-in-ja a kansa da abokan aikina, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi gaban masana. A watan Afrilun 2022, Tommy Robinson, ɗan Birtaniyar nan mai tsattsauran ra'ayi wanda ya yi ƙaurin suna wajen ƙyamar Musulunci da baƙi, ya sauka a filin jirgin saman Kankun na ƙasar Meziko tare da 'ya'yansa domin hutun Ista. Jami'an shige da fice suka tsare shi, ba su bar shi ya taka cikin gari ba, daga bisani suka tasa ƙeyarsa zuwa Birtaniya. Shi da kansa ya faɗa a wani bidiyo cewa an shaida masa batu ne na tsaron ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji labarin sai da na yi murmushi, domin mutumin da ya shafe shekaru yana kira da a rufe iyaka a kori baƙi, yau ga shi an rufe masa ƙofa a fuska. Amma tambayata ita ce, mutumin da bai aikata laifin komai a Meziko ba, ya zo hutu ne da yara, da wace doka aka tsare shi? Kuma idan hukuma ta ce "tsaron ƙasa", shi ke nan magana ta ƙare?

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata a bambance shi ne, hana mutum shiga ƙasa daban, korar wanda ya riga ya shiga bisa ƙa'ida daban, ko da yake a bakin jama'a duka biyun kora ake ce musu. Matafiyin da ya sauka daga jirgi amma jami'i bai buga masa hatimi a fasfo ba, a idon doka bai shiga ƙasar ba tukuna, duk da cewa ƙafarsa tana kan ƙasarta. Samun biza, ko kasancewa ɗan ƙasar da aka ɗauke wa biza, izini ne kawai na zuwa bakin ƙofa a nemi shiga, mai gida kuma yana da ikon cewa a'a. Dokar shige da fice ta Meziko ta shekarar 2011 ta bai wa jami'ai damar hana shiga ga wanda tarihinsa, a cikin ƙasar ko a waje, zai iya zama barazana ga tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a, saboda haka ba sai ya yi laifi a can ba. Tsarewar da ake yi a irin wannan hali ma ba hukunci ba ce, ajiya ce har a sami jirgin da zai mayar da shi, kuma bisa ƙa'idojin sufurin sama kamfanin da ya kawo shi ne ke da alhakin kwashe shi.

Ga wanda ya riga ya shiga kuwa, sashe na 13 na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan 'Yancin Jama'a da na Siyasa ta 1966 ya ce ba za a kori baƙon da ke zaune bisa doka ba sai da hukuncin da ya bi doka, kuma dole a ba shi damar kare kansa a sake duba lamarinsa. Sai dai sashen ya yi togaciya guda: in ban da inda ƙwararan dalilan tsaron ƙasa suka hana. Wannan togaciyar ce ta sa gwamnatoci suke ƙaunar kalmar, domin ita ce ke ɗauke musu nauyin yin bayani.

Mazaunin Luton ya amsa:

Ɗan'uwa, ina zaune a Luton ta Ingila, garin da aka haifi mutumin nan, don haka bari in ƙara wani abu a kan bayanin Malama. Sunansa na gaskiya Stephen Yaxley-Lennon, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar EDL (English Defence League) mai ƙyamar Musulunci a 2009, ya fice daga cikinta a 2013. Duk wanda ya ga yadda masu shaguna ke sauke ƙofofinsu tun da hantsi a ranar da ƙungiyar za ta yi maci, 'yan sanda kan dawakai sun jeru a bakin titi, iyaye kuma suna hana yara fita, ba zai ce ra'ayi kawai mutumin yake furtawa ba. Ban da haka, jami'in da ya duba tarihinsa ba zai rasa abin kafa hujja ba. A farkon 2013 an yanke masa ɗaurin wata 10 saboda ya shiga Amurka da fasfon wani, a 2014 an ɗaure shi kan damfara wajen neman rancen sayen gida, a 2019 kuma kan raina kotu. A 2021 kotu ta umarce shi da ya biya fam 100,000 ga wani yaro ɗan gudun hijira daga Siriya saboda ɓata masa suna. Wanda ya taɓa tsallaka iyaka da fasfon da ba nasa ba, ai ba ya da bakin yin mamaki idan aka tsaya aka ƙare wa nasa kallo.

Inda nake da shakku shi ne ko korar tana biyan buƙata. A watan Maris na 2018 an tsare wasu masu tsattsauran ra'ayi irin nasa, Martin Sellner ɗan Ostiriya da Brittany Pettibone 'yar Amurka, a filin jirgin nan na Luton, aka mayar da su bisa hujjar cewa zuwansu bai dace da maslahar jama'a ba. Sellner ya yi niyyar yin jawabi ne a dandalin Hyde Park da ke Landan. Bayan mako guda Robinson ya je dandalin ya karanta jawabin a madadinsa, gaban taron da da wuya Sellner ya tara irinsa da an ƙyale shi. Irin waɗannan mutane da kukan zalunci suke cin abinci, kowace tsarewa bidiyo ce, kowane bidiyo kuma ƙofar neman gudummawa ce.

Dattijon Yerwa ya amsa:

'Ya'yana, na karanta bayananku, kuma ba ni da tausayin mutumin ko kaɗan, amma ina jan hankalinku cewa sandar da aka doke shi da ita ba a rubuta sunansa a jikinta ba. A watan Fabrairun 2009 Birtaniya ta mayar da ɗan majalisar Holan Geert Wilders, wanda ya yi ƙaurin suna wajen sukar Musulunci, daga filin jirgin Heathrow, Musulmi da yawa suka yi murna, amma a watan Oktoban shekarar kotun shige da fice ta soke haramcin. A watan Yunin 2010 kuma, da irin wannan ikon ne Theresa May, tana ministar cikin gida, ta hana Dakta Zakir Naik, mai wa'azin Musulunci ɗan Indiya, shiga ƙasar, a lokacin ne waɗanda suka yi tafi a baya suka fara tambayar ina 'yancin faɗin albarkacin baki.

Mu nan Barno mun ga abin da idonmu. A watan Janairun 1980, zamanin mulkin Shagari, aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jiha kuma jigo a jam'iyyar GNPP, aka kai shi aka ajiye a Chadi, wai shi ba ɗan Najeriya ba ne kuma barazana ne ga tsaro. Kotu ce ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne, ta rushe korar. Ban kawo wannan don in haɗa bawan Allah da mai tayar da fitina ba, Allah ya kiyaye. Na kawo ne don ku ga cewa kalmar ɗaya ce aka yi amfani da ita, kuma abin da ya ceci Shugaba shi ne samun alƙalin da ya ce wa gwamnati ta kawo shaida. Ni kaina an taɓa riƙe ni kusan awa bakwai a wani filin jirgi a ƙasar waje, an karɓe fasfo da waya, ina zaune a kan kujerar ƙarfe a ɗakin da ba taga, ko wurin alwala sai da rakiya, daga ƙarshe aka miƙo mini fasfon ba tare da an ce mini uffan ba. A wannan ɗakin babu alƙali, babu lauya, sai jami'i da kwamfutarsa.

Ɗalibar Shari'a ta sake amsawa:

Gaskiya ne, Baba, kuma misalinka ya fito da iyakar wannan iko, wato ba ya aiki a kan ɗan ƙasa. Rasmus Paludan, ɗan Denmark mai ƙona Alƙur'ani, an tare shi a iyakar Suwidin a watan Agustan 2020 aka haramta masa shiga na shekara 2, amma da aka tabbatar yana da haƙƙin zama ɗan Suwidin ta wajen mahaifinsa, haramcin ya zama banza. A watan Afrilun 2022, watan da aka mayar da Robinson daga Kankun, gangamin Paludan ya haddasa tarzoma a biranen Suwidin da dama. Haka ita ma Birtaniya ba ta da inda za ta kai Robinson, nata ne, sai dai ta gurfanar da shi a kotu idan ya karya doka, kamar yadda aka sake ɗaure shi a watan Oktoban 2024 kan raina kotu.

Bazazzage ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama da ɗan'uwa na Luton. Na gamsu cewa Meziko ba ta karya doka ba, kuma tarihin mutumin ya isa hujja ko da ba a ambaci ra'ayinsa ba. Abin da ya rage mini shi ne ɗakin nan da Baba ya kwatanta. Malama, idan jami'i ya rubuta "tsaron ƙasa" a takardar matafiyi, aka sa shi a jirgi ya koma gida, wace hanya ce ta rage masa ta ƙalubalantar hukuncin daga ƙasarsa, kuma kotun wace ƙasa ce za ta saurare shi?