Shin bitamin yana gyara jijiyoyin da ciwon sukari ya taɓa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon sukari, kuma da dare tafin ƙafarta yakan yi mata raɗaɗi kamar an shafa barkono, wani lokaci ma takalmi yakan fice mata ba ta sani ba. An ce in sayo mata bitamin B a kyamis. Shin yana gyara jijiyoyin kuwa?

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Bitamin B12 yana amfani ne idan jiki yana da ƙarancinsa, kuma waɗanda suka daɗe suna shan maganin ciwon sukari na Metformin sukan samu wannan ƙaranci, saboda haka a kai ta asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a auna jininta tukuna. Idan kuwa sukarin ne ya taɓa jijiyoyin, daidaita shi ne kan gaba.

Mai harhaɗa magunguna, Sabon Gari:
Malam, ka yi hattara da bitamin B6, domin yawan shansa na dogon lokaci shi kansa yana lalata jijiyoyi. Raɗaɗin kuma likita ne zai rubuta mata maganinsa, irin su Amitriptyline. A riƙa duba ƙafarta kullum, har tsakanin yatsu.