Reed da Stem: me ya sa suka fifita gangara a kan matakala?

ɗalibin_zane_TudunWada:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman bayani kan Reed da Stem, masu zanen tashoshin jirgin ƙasa na Amurka. An ce su ne suka sa gangara a madadin matakala a tashar Grand Central ta birnin New York. Mene ne hikimar hakan? Kuma in za a yi irinta a tasha mai cunkoso kamar ta Rigasa, wane lissafi ake bi?

injiniyan_Kakuri:
Wa alaikumus salam ƙanena. Charles Reed da Allen Stem sun haɗa gwiwa ne a birnin St. Paul na jihar Minnesota a 1891. Su suka zana tashar King Street ta Seattle a 1906, da ta Tacoma a 1911.

Gangarar kuwa larura ce ta kawo ta. A 1902 hayaƙin jirgin kwal ya rufe wa direba sigina a ramin Park Avenue, hanyar ƙarƙashin ƙasa da jirage ke bi zuwa Grand Central, ya afka wa wani jirgin, aka rasa rayuka. Daga nan aka koma lantarki, kuma da hayaƙi ya kau sai aka samu damar binne layukan hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa: dandamali 44, layi 67. To ka ga dubban mutane ne za su riƙa hawa da sauka ɗauke da kaya. A matakala, tsohuwa ɗaya in ta tsaya gyara ƙunshinta, duk na bayanta sun tsaya. A gangara tafiya ba ta yankewa. Wannan ne ya fi burge ni a aikinsu, fiye da adon ginin.

malama_mai_zane:
Ɗan ƙari, Injiniya. Ba su kaɗai suka zana Grand Central ba, an haɗa su da wasu masu zanen gini, Warren da Wetmore, waɗanda suka fi riƙe fuskar ginin. Reed ya rasu a 1911, kafin a buɗe tashar a Fabrairun 1913, sai aka mayar da kwangilar hannun su Warren. Stem ya kai ƙara kotu, ya kuma yi nasara.

tsohon_foman:
Ɗana, ga lissafin. Duk hawan mita 1, a ba shi tsawon mita 12. In tsayin da za ka hau mita 4 ne, gangararka mita 48 ke nan. Bayan kowace mita 9 sai ka sa wurin hutawa shimfiɗaɗɗe na mita 1.5, a nan guda 5 za ka buƙata, jimla mita 55.5. Faɗi kada ya gaza mita 1.8, don keken guragu biyu su wuce juna. Ƙarfen dafawa tsayinsa santimita 90 daga ƙasa, gefe biyu.

Inda ake ɓata aiki shi ne fili ya yi kaɗan a matse ta zuwa 1 cikin 8, wato hawan mita 1 a tsawon mita 8, sai baron kaya ya riƙa ƙwace wa mai turawa. In fili bai isa ba, ka lanƙwasa ta gida biyu ko uku.

Sai tayil mai sheƙi. Ruwan Agusta ya jiƙa shi, ko ƙurar hunturu ta kwanta a kai, santsi ke nan. A zuba kankare, a ja tsintsiya a kai a gicciye tun yana ɗanye. A gindin gangarar kuma a haƙa lambatu mai murfin ƙarfe, in ba haka ba duk ruwan da ta tattaro cikin zauren fasinja zai shiga.