Muhawara: Nisan da rediyo ke kamawa ya isa ya nuna ƙaramar taransimitar FM na cikin ƙa'ida?

Mai Gyaran Rediyo: Ni dai na tsaya a kan magana ɗaya. Hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta ce siginar ƙaramar taransimitar FM marar lasisi ba ta wuce nisan kimanin mita 61. To ka kunna ta, ka ɗauki rediyo ka yi ta tafiya. In murya ta ɗauke kafin nan, shi ke nan, kana cikin ƙa'ida.

Injiniya: Malam, wannan nisan kiyasi ne kawai. Abin da sashe na 15.239 na ƙa'idojin FCC ya rubuta shi ne ƙarfin sigina kada ya wuce maikurobolt 250 a kowace mita, an auna daga tazarar mita 3, tsakanin megahaz 88 da 108. Rediyo kuwa kowanne da kunnensa. Na mota zai jiyo abin da ɗan ƙaramin rediyon hannu ba zai taɓa ji ba. Da wanne za ka yi hukunci?

Mai Gyaran Rediyo: To a duba wat ɗin da ke jikin kwali mana.

Dattijo: Kwali ba ya awo, ɗana. Wannan iyakar ba ta kai nanowat 20 ba in an lissafa ƙarfin da ke fita daga eriya. Taransimita mai rabin wat ta ninka ta sama da sau miliyan ashirin. Rage ƙarfinta zuwa ƙarshe ma ba lallai ya cece ka ba, tunda wayar caja da wayar sauti su ma suna zama eriya.

Injiniya: Awon gaskiya a fili ake yi, nesa da kwanon rufi da shingen ƙarfe. Ka samu eriya mai hannu biyu, kowane hannu kimanin santimita 72 in kana wajen megahaz 100. Ka kafa ta mita 3 daga taransimitar, ka riƙa ɗaga ta daga tsayin mita 1 zuwa 4, a tsaye da kuma a kwance, kana juya taransimitar har ta zagayo. Lamba mafi girma ita ake rubutawa. Iyakar daidai take da disibel 48 a kan maikurobolt ɗaya a kowace mita. Cire kusan 8 na eriyar, saura 40, wato wajen -67 dBm (disibel a kan miliwat ɗaya) a fuskar na'urar awo, kafin ka lissafa asarar waya.

Mai Gyaran Rediyo: Yallaɓai, RTL-SDR fa, wannan ɗan rediyon da ake haɗawa da kwamfuta? Ga arha.

Injiniya: Zai nuna maka sigina ta ƙaru ko ta ragu, amma lambobinsa ba a daidaita su da ma'auni ba, kuma babbar tasha kusa da kai tana cika shi ya yi ta nuna ƙarya. Ko tinySA ce, ƙaramar na'urar awon sigina, bar rata tsakanin awonka da iyakar. Sigina da ta daki ƙasa ta dawo tana iya ƙara har disibel 6, shi ya sa ake ɗaga eriyar ana saukewa.

Dattijo: Ku duba sama da megahaz 108 ma, daga nan zangon jiragen sama ya fara. Taransimita mai arha da ba ta da matatar sigina takan zubar da datti a can, kuma rediyonka na FM ba zai faɗa maka ba.

Mai Gyaran Rediyo: Na yarda da batun matatar sigina. Amma duk wannan lissafin Amurka ne.

Dattijo: Ƙwarai. A Najeriya hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ce ke ba da lasisin watsa shirye-shirye, kuma lambar FCC ba ta zama izini a nan.