Hotunan lilo duk sun fito biji-biji, me zan gyara?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Wancan satin na kai yara wurin wasa, irin babban nan mai lilo kala-kala da jirgin da ke gudu kan dogo yana wulwulawa sama da ƙasa. Na ɗauki hoto ya fi 200 da kyamarar maigida. Da muka dawo na duba, duk inda Ilham take cikin jirgin nan sai wani ja-ja kawai, ba ido ba hanci. Na dare kuwa ba a magana. Guda ɗaya ne ya fito tar, shi ma kwandon shara ne da na ɗauka bisa kuskure. Za mu koma kafin hutu ya ƙare, masana a taimaka.

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ina kyautata zaton a Auto kika bar kyamarar, wato ita ke zaɓar komai da kanta. Murɗa ta zuwa S, wato inda ke za ki zaɓi saurin ɗauka, idan Canon ce Tv za ki gani, ki sa 1/1000. Wato idon kyamarar ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, kafin jirgin ya gusa. Kuma kada ki tsaya inda yake sheƙa gudu. Nemi ƙololuwa, inda yake tafiyar hawainiya kafin ya sulalo, ki saita can ki jira shi. Da ya iso ki danne maɓallin ya yi ta ɗauka a jere, cikin goma ba a rasa ɗaya. Rana ta kasance a bayanki.

Na dare, kada ki bari duhu ya rufa. Minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwar rana an kunna fitilu, sama kuma da sauran shuɗinta. Filashi ki kashe shi, haskensa ba ya wuce 'yan taku.

Ummi K.:
Yaya, ki fara karanta dokar wurin. Disney ta hana sandar selfi a wuraren wasanta tun 2015, kuma manyan jiragen nan ba a hawansu da waya a hannu. Jirgin Formula Rossa na wurin wasan Ferrari World a Abu Dhabi yana kai kilomita 240 a awa, har tabarau ake ba mutum ya sa. In waya ta suɓuce a wannan gudun, kan wani za ta fasa.

Kawu Bala:
Ni fa na daina wahalar da kaina da jirgi yana sama. A ƙofar fita nake tsayawa. Yaro ya sauko ƙafa na rawa, gashi a hargitse, bai san kuka zai yi ko dariya ba. Nan nake danna nawa, ko da waya ce. Ki durƙusa daidai tsayin Ilham, 'yata, kada ki ɗauko ta daga sama.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abban Sadik, na ga S ɗin, har na gwada a kan fanka tana juyawa, fukafukan suka tsaya cak! Kawu, ai ranar kuka ta sauko tana yi, tana share hawaye tana cewa a sake. Ni kuwa lokacin ina can ina neman murfin kyamara a jaka.