Corolla na zahi a hanyar Konni

Ɗan Ader: Salamu alaikum 'yan uwa, tsohuwar Corolla ce ta gida, daga Kwatano aka kawo ta, cikin garin Tawa lahiya lau amma da na hau hanyar Konni sai allurar zahin inji ta tashi, ruwa na ragewa kuma ban ga inda yake zuba ba. Mi ke kawo haka?

Makaniki Yamai: Wa alaikumus salam. Duba marhin radiyata tukuna in mota ta huce, robar in ta mutu ruwa tururi yake hita. Ruwan rijiya kuma toshe radiyata yake.

Hajiyar Tawa: Tamu fanka ce ta daina juyawa, waya ɗaya tak ce matsalar.

Makaniki Yamai: Zaro sandar gwajin man inji malam, in man ya yi hwari kamar madara to juwan kilas (abin da ke liƙe tsakanin kan inji da jikinshi) ya ƙone, kada ka ƙara tada ta.