Waƙoƙin littafi: tsufa ne ya kashe su, ko yadda muke rera su?

Ɗan Sabon Gari:
Salama gare ku 'yan'uwa. A majami'un Hausa da yawa a nan Kano, da zarar an ce a buɗe Littafin Waƙoƙi sai matasa su yi tsit, a bar dattawa suna ja su kaɗai. Amma ana shiga korus da ganga kowa ya farka. Ni dai waƙoƙin littafi nake so saboda nauyin kalmominsu. Shin son raina ne kawai, ko akwai abin da muke ɓatawa wajen rera su?

Malamin Kwaya:
Ɗan'uwa, abu biyu ne suka fi kashe su: ki (wato tsayin muryar da ake ɗaukar waƙa da shi) da saurin rerawa.

Muryar jama'a, maza da mata, tana sakewa ne tsakanin sautin C na tsakiyar kibod da D na sama. Tsofaffin littattafan solfa (masu rubutun do-re-mi) kuwa sukan kai waƙa har E ko F, domin an tsara su ne don murya huɗu, soprano, wato murya mafi sama, ke ɗauke da waƙar. Idan mai kibod ya buga yadda aka rubuta, da an iso wurin hawa sai rabin majami'a ta yi shiru. Sai a sauko da ki mataki ɗaya ko biyu, musamman a sujadar safe lokacin hunturu da maƙogwaro ke bushe. Kada a wuce haka, in ba haka ba masu bas, wato murya mafi ƙasa, su rasa ƙasan da za su taka.

Sauri kuma, waƙa mai bugu huɗu tana so ta yi tafiya kamar bugu 80 zuwa 100 a minti. Abin da ke faruwa shi ne ɗaki mai siminti da rufin kwano yana mayar da murya, jama'a su jira amon, mai kibod ya jira jama'a, kafin aya ta huɗu waƙar yabo ta koma ta jana'iza. Mai kibod ne zai ja gaba. Ya buga layin ƙarshe a matsayin shiga, da saurin da ake so, ya bar numfashi ɗaya tak tsakanin ayoyi. Waƙoƙi masu awon 6/8 (ƙananan bugu shida a kowane zagaye) kuma a ƙirga su biyu-biyu, ba shida ba. Nan ne aka fi yin kuskure.

Baba Dattijo:
Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai matsalar harshe. Yawancin waƙoƙin nan fassara ne daga Ingila da Amurka, na su Isaac Watts, da Charles Wesley wanda ya rubuta fiye da 6,000, da Fanny Crosby, makauniyar nan da ta rasu a 1915. An ɗinka launinsu, wato sautin da ake rera su da shi, a kan Turanci ne. Hausa kuwa tana da karin sauti, tana da gaɓa mai nauyi da mara nauyi. Shi ya sa za ka ji doguwar murya ta faɗa kan "da" ko "na", kalma mai ma'ana kuma an haɗiye ta. Yaron da bai tashi da waƙar ba, ba zai kama zancen ba.

Sai a karanta aya ta farko da baki kafin a rera. Sa'an nan a ƙirga gaɓoɓin kowane layi. Idan ya fito 8.6.8.6, duk launin da ke da wannan awo zai hau kanta, sai a gwada biyu ko uku a ɗauki wanda ya fi zama da Hausar.

Maman Zumunta:
Baba, a gafarce ni, amma kada a mai da littafi shi kaɗai ne waƙa mai nauyi. Waƙoƙin Zumuntar Mata da Hausa aka ƙaga su, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, launi yana bin magana, shi ya sa wadda ba ta iya karatu ba ma takan haddace labarin Littafi Mai Tsarki daga gare su. Kolosiyawa 3:16 ta ambaci zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu, ba iri ɗaya ba. Ɗana mai tambaya, son ranka ba laifi ba ne, sai dai kowace waƙa da gurbinta. Ta littafi wajen buɗe sujada, kafin wa'azi, da jibin Ubangiji. Korus da tulu da caki wajen baiko. Kuma a daina yanke ayoyi barkatai, sau da yawa aya ta uku ce ke ɗauke da zancen giciye, ita ce kuma ake tsallakewa don lokaci.

Mai Kibod:
Mama, haka ne. Ƙari ɗaya ga masu kayan kiɗa: a kashe kiɗan da kibod ke bugawa da kansa, a zaɓi muryar ogan ko fiyano. Mai ganga ya bar kuge, ya riƙe bugu a hankali. Makirfo ɗaya ya isa wa mai jagora. A sa mutum ya tsaya a bencin baya lokacin aya ta farko. In lasifika yake ji ba muryar na kusa da shi ba, a rage ƙara.