Me za mu kira "remake" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "sabon zubi"

Jama'a, ina neman mu daidaita a kan kalma ɗaya. Masu Ingilishi suna cewa "remake", Faransawa ma haka suka are ta, shi ya sa ita ce a bakin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Abin da ake nufi: a ɗauki labarin fim ɗin da ya riga ya fita, a sake yin sa tun daga tushe da wasu 'yan wasa, sau da yawa a wata ƙasa da wani harshe, kuma da yardar masu shi.

Abin da ya taso da maganar shi ne fim ɗin Amurka mai suna CODA, da muka kalla a ƙungiyarmu ta masu kallon fim. Labarin yarinya ce da iyayenta da yayanta duk kurame ne, ita kaɗai ke ji a gidan, ita ce bakinsu a kasuwa da asibiti, sai ga shi Allah ya ba ta muryar waƙa. Da aka zo wurin da take waƙa a dandamali aka ɗauke sauti ɗif, don mai kallo ya ɗanɗani abin da iyayenta ke ciki, ɗakin ya yi tsit, har wani ya yunƙura zai duba waya ko ta zare. Da uban ya ɗora hannu a maƙogwaronta don ya ji rawar muryarta, na ga wata baiwar Allah tana goge ido da bakin mayafi. Aka gama, aka tafa.

Sai wani ɗan'uwa da ya yi karatu a Yamai ya ce ai wannan wankiya ce, shi ya kalli na Faransa tun tuni. Nan musu ya kaure, kuma rabin musun rashin kalma ne ya jawo shi.

Gaskiyarsa ta wani ɓangare. La Famille Bélier ya fita a Faransa a 2014, mutum sama da miliyan 7 suka shiga silima kallonsa a can. Ɗauke sautin nan da ɗora hannu a maƙogwaro duk suna cikinsa. CODA ya zo a 2021, ya lashe Oscar na fim mafi kyau a 2022.

To amma wankiya? A'a, Malam. Wankiya a bakin 'yan fim ɗinmu ita ce ka kalli na Indiya ka kwashe labarin, ka sauya sunaye, ka yi gum kamar kai ka ƙirƙira. Akwai ɓoyo a cikinta, akwai cin haƙƙi. Shi kuwa Philippe Rousselet yana cikin waɗanda suka shirya na Faransa, kuma yana cikin waɗanda suka shirya na Amurka. Sian Heder da ta rubuta ta kuma ba da umarni, Oscar ɗin da ta karɓa na labarin da aka ɗauko daga wani aiki ne, wato a bainar jama'a aka faɗi inda ya fito. In muka kira wannan wankiya mun zalunce su, kuma mun sassauta wa mai wankiyar gaske, tunda mun haɗa shi layi ɗaya da wanda ya nemi izini.

Wata yayarmu ta kawo "fassara". Wannan kalma ta riga ta yi miji. Yau in ka ce fim ɗin fassara, kowane yaro zai ɗauka Indiya-Hausa kake nufi: hoton yana nan yadda yake, murya kawai aka ɗora. "Maimaici" na gidan rediyo ne, shirin jiya aka sake sakawa. "Sake ɗauka" kuwa ana faɗar ta a wurin ɗaukar fim idan ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe. "Sabuntawa" na fi so mu ajiye ta ga tsohon fim da aka gyara wa hoto da sauti.

"Kwaikwayo" ta fi ba ni wahalar turewa, don ta yi kusa. Matsalarta biyu ce. Kowane fim wasan kwaikwayo ne, sai magana ta cakuɗe. Sannan wanda ya kwaikwaya a bayan na asali yake tsayawa, alhali a nan akwai inda na biyun ya wuce na farko. A na Faransa, Karin Viard da François Damiens da suka fito a iyaye masu ji ne, koyon maganar hannu suka yi, kuma kurame da yawa a can sun yi ƙorafi a kai. A na Amurka, Marlee Matlin da Troy Kotsur da Daniel Durant kurame ne na haƙiƙa, har Kotsur ya samu Oscar. Duk wanda ya taɓa zama da masu maganar hannu ya san bambancin wanda ya tashi da ita da wanda ya haddace ta jiya. An kuma sauya sana'a: can makiyaya ne masu shanu da sayar da cuku, nan masunta ne a Gloucester ta jihar Massachusetts.

Shi ya sa na ce sabon zubi. Ku je wurin masu zubin tukwane ku tsaya. Za a danna tukunya a cikin ƙasa ta bar siffarta, a narka wani ƙarfen dabam a zuba. Siffa ɗaya, ƙarfe sabo, kuma ingancin tukunyar yana ga ƙarfen da hannun mazubin. Kalmar ba ta zargi kowa da sata, ba ta yabi kowa ba. Ta bar wa mai kallo hukunci, abin da muka rasa ke nan a daren.

An ce min zubi na adashi ne. Haka ne, amma muna cewa "zubi da tsari", muna cewa yaro zubin babansa ne, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali shi ne yadda take lanƙwasuwa a jimla. Ɗauki fim ɗin Faransa Intouchables na 2011, wanda Omar Sy ya fito a ciki. Sai ka ce yana da zubin Indiya, Oopiri na 2016 da Nagarjuna, yana da zubin Amurka, The Upside da Kevin Hart. Na asali shi ne zubin farko. "An yi masa sabon zubi." "Wane zubin ka kalla?" Ku gwada faɗa da baki, ba ta sarƙe harshe.

Game da kalmar Ingilishi "feel-good" da wasu suka tambayi yadda za mu ce ta da Hausa, ban ga abin wahala ba: fim mai sanyaya zuciya. Kada dai a ce barkwanci, don wanda muka kalla ya fi sa hawaye a kan dariya.

Inda nake neman taimako shi ne jam'i. "Sabbin zubi" ta fi min daɗin ji a kan "sabbin zube-zube", wadda ke kama da tarkace. Mutanen Sakkwato da na Nijar, in kunnenku ya ji dabam ku faɗa kafin mu rubuta sanarwar zama mai zuwa, don muna so mu saka La Famille Bélier, zubin farko na Faransa, mu ji ko ɗan'uwanmu na Yamai zai samu magoya baya.